Ribaɗi: Abin da Wurno da Meksiko Suka Sani Game da Riƙon Bakin Iyaka

Duk wanda ya kai ziyara Hubbare a Sakkwato zai tarar da makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na wasu daga cikin iyalansa da magadansa, amma ba zai tarar da na Muhammadu Bello ba. Ɗan da ya gaji Shehu, wanda kuma shi ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, yana kwance ne a Wurno, garin da ke bisa tudu yana kallon fadamar gulbin Rima, arewa maso gabas da birnin. A can ya yi mafi yawan shekarunsa na ƙarshe, a can kuma ya rasu a 1837. Mutanen ƙasar Wurno, daga Dinawa zuwa Achida, sun tashi da wannan labari a kunnensu, har ba kasafai suke tsayawa su nemi dalilinsa ba. Alhali tambayar tana da nauyi. Me zai sa mai riƙe da daula mafi girma a wannan yanki na Afirka a zamaninsa ya bar birnin da ya kafa, ya tare a bakin dāga?

Amsar tana cikin kalma ɗaya, wato ribaɗi. Wanda ya bi sawun wannan kalma zai ga ta kai shi nesa da gulbin Rima, har ƙasar Sifaniya, har hamadar arewacin Meksiko, inda wasu mutane dabam, masu addini dabam da buri dabam, suka yi fama da matsala iri ɗaya: yaya ake mayar da ƙasar da aka ci da takobi ta zama ƙasar da ake kwana a tashi lafiya?

Kalma mai doguwar tafiya

Asalin ribaɗi a Larabci daga ɗauri ne, ɗaurin dawaki a wurin da ake tsammanin fitowar abokan gāba. Malaman fiƙihu sun ɗauki zama a irin wannan wuri domin tsaron jama'a a matsayin ibada mai lada, shi ya sa tsofaffin ribaɗai, irin waɗanda har yau suke tsaye a Susa da Munastir na ƙasar Tunisiya, suka haɗa hasumiyar tsaro da masallaci a gini guda. Daga wannan kalma Murabiɗun suka samo suna, mutanen yammacin Sahara da suka ƙetara zuwa Andalus a 1086. Daga ita kuma sunan Rabat, babban birnin Maroko, ya fito.

A Sifaniya kalmar ta maƙale a sunayen wurare ko bayan da mulkin Musulmi ya gushe. Ɗaya daga cikinsu shi ne La Rábida, gidan ibadar Kirista kusa da tashar jiragen ruwa ta Palos, inda Kolumbus ya samu masauki da goyon baya kafin ya tashi a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi. Kafin wannan shekara, sarakunan Kirista na tsibirin sun shafe ƙarnoni suna koyon wata dabara a filin da ke tsakaninsu da Musulmi. Duk yankin da suka ci, sai su yi shela cewa wanda ya yarda ya zauna a can zai samu gona da sassaucin haraji da 'yancin da babu irinsa a tsakiyar ƙasa, bisa sharaɗin ya riƙe makami ya tsare wurin. Wannan dabara ce suka ɗauka a jirgi suka ƙetare teku da ita.

Azurfa da ƙaya

A 1546 aka gano azurfa a Zacatecas, can arewa da birnin Meksiko. Hanyar da ke kai wa ga ma'adinan ta ratsa ƙasar wasu al'ummomi masu yawo, maharba, waɗanda Sifaniyawa suka haɗa su duka suka kira Chichimeca. Kusan shekara 40 aka yi ana gwabzawa. Gwamnati ta jera ƙananan sansanonin soja a kan hanya, waɗanda suke kira presidio, ta kuma bar sojojin suna kama mutane suna sayarwa domin cike gurbin albashin da ba ya isarsu. Sakamakon bai ɓoyu ba. Sojan da cinikin kamammu ke ciyar da shi ba ya fatan yaƙi ya ƙare, kuma kowane kamu yana haifar da sabuwar ramuwa.

Wajen 1590 masu mulki suka sauya salo. Suka hana cinikin kamammu, suka rage sojoji, suka shiga raba abinci da tufafi da kayan noma ga duk ƙungiyar da ta ajiye baka. A 1591 suka kwaso iyalai kusan 400 na mutanen Tlaxcala, manoma 'yan ƙasa da suka daɗe da ƙawance da Sifaniya, suka zaunar da su a arewa, suka yafe musu haraji, suka ba su izinin hawan doki da riƙe makami. Ɗaya daga cikin garuruwansu shi ne San Esteban, jikin Saltillo. Abin da shekara 40 na yaƙi ya kāsa, garuruwan manoma suka yi shi cikin 'yan shekaru.

Ba kowane jagora ne ya ɗauki darasin ba. Juan de Oñate, ɗan wani attajirin ma'adinan Zacatecas, ya jagoranci ayarin masu neman wurin zama zuwa ƙasar da suka kira Sabuwar Meksiko a 1598. Ya tafi da tsammanin wata azurfar, ya tarar da garuruwan manoman masara. Da abinci ya yanke wa mutanensa sai ya auka wa rumbunan masu ƙasa. A farkon 1599, bayan mutanen Acoma sun kashe wasu sojojinsa, ya sa aka rushe garin, aka kashe ɗaruruwa, aka yanke wa mazan da suka haura shekara 25 hukuncin sare ƙafa. Hukumar ƙasarsa da kanta ta same shi da laifi a 1614 ta hana shi komawa yankin. Amma tsarin tilasta wa mutane aiki da hana su al'adunsu ya ci gaba, har 1680, lokacin da garuruwan suka haɗa kai ƙarƙashin wani jagora mai suna Popé, suka kashe Sifaniyawa kusan 400, suka kori sauran. Shekara 12 suka yi ba su dawo ba.

Wani jagoran, José de Escandón, ya bi wata hanya a gaɓar tekun arewa maso gabas. Tsakanin 1748 da 1755 ya kafa garuruwa fiye da 20 a lardin Nuevo Santander, ciki har da Laredo da ke bakin iyakar Amurka da Meksiko a yau. Bai dogara ga bataliyoyi ba. Iyalan makiyaya da manoma ya nema, ya yi musu alkawarin fili da sassaucin haraji, ya bar tsaron kowane gari a hannun mazaunansa. Garuruwan sun kama ƙasa, da yawansu suna nan har gobe. Sai dai rabon filin da ya yi alkawari bai tabbata ba sai 1767, mutanen da aka tarar a wurin kuma an ture su gefe, shi kansa ya mutu a 1770 yana amsa tuhuma a birnin Meksiko.

Gabashin Sakkwato bayan faɗuwar Alƙalawa

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a yaƙin. Mai karanta tarihi a gurguje zai ɗauka a nan magana ta ƙare, alhali a nan ta fara. Gobirawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Gidan sarautar Katsina da aka kora ya sake kafuwa a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A arewa akwai Abzinawa, waɗanda yau suke ƙawance gobe su juya. Ko a cikin gida, Abdussalami ya yi tawaye a Kware a shekarar da Shehu ya rasu, wato 1817. Bello ya hau mulki ne a kan daula mai faɗi wadda ƙofar gidanta ba ta rufuwa. Rundunar jihadi kuwa ta manoma ce da makiyaya da almajirai, waɗanda da damina ta faɗi kowa zai nemi komawa gonarsa ko garkensa. Ana iya cin yaƙi da irin wannan runduna a rani, amma ba a iya tsare iyaka da ita shekara da shekaru.

Bello malami ne kafin ya zama sarki, saboda haka a littattafai ya nemo magani, har ya yi rubutu na musamman a kan ribaɗi da tsaro. Abin da ya fito da shi ya wuce sansanin soja. Ribaɗi a wurinsa gari ne mai ganuwa, da masallacin Juma'a, da alƙali, da makaranta, da kasuwa, da gonaki a kewaye, wanda mazaunansa su ne dakarunsa. Wurno, wadda ya kafa wajen ƙarshen shekarun 1820, ita ce abin koyi. Tudun ya ba ta ganin nesa, fadama ta ba ta abinci rani da damina, matsayinta kuma ya sa ta tare hanyar duk wanda ya nufo Sakkwato daga Gobir.

Sannan ya ɗora nauyin a kan gidansa. 'Ya'ya da 'yan'uwa aka tura su riƙe garuruwan bakin iyaka. Rabah ta zama mazaunin ɗansa Abubakar Atiku, wanda har bayan ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877 sunan garin bai rabu da shi ba, ana ce masa Atiku na Rabah. Jikansa ne Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah, ya kuma zama hakiminta a 1934. Al'adar ta ɗore bayan Bello, domin a ƙarshen ƙarnin Muhammadu Maiturare ya kafa Gwadabawa a kan wannan tsari. Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya fi zama.

A wasiƙarsa ga Sarkin Katsina Umaru Dallaji, wadda aka sani da Usulus Siyasa, Bello ya lissafa cikin wajiban shugaba kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauransu, da rarraba su a garuruwa gwargwadon buƙata, da gina garuruwa masu ganuwa da gyara kasuwanni da hanyoyi. A amsar da ya rubuta wa Muhammadul Jailani, jagoran Abzinawa, ya yi bayanin amfanin jawo masu yawo su zauna a gari. Haka ya yi da Fulanin da ke kewaye da shi. Ya kwaɗaitar da su zama wuri ɗaya, da sa 'ya'yansu karatu, da kiwon dawaki da raƙuma da tumaki, dabbobin da ke da amfani ga tsaro kuma ba sa tilasta doguwar tafiya irin ta shanu. Ya fahimci cewa mutumin da alƙali bai san wurin kwanansa ba, shari'a ba ta iya kāre shi, ba ta kuma iya kama shi.

Wannan bai hana shi yaƙi ba. A 1836, a Gawakuke, ya karya rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka faɗi a fagen. Amma ko wannan gagarumar nasara ba ta rufe iyakar ba. Gobirawa suka sake haɗuwa a Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya nufo Wurno a 1853, sai da ayarinsa ya ratsa dajin Gundumi da tafiyar dare da rana ba hutu saboda tsoron mahara. Ribaɗi bai kawar da haɗari daga daji ba. Abin da ya yi shi ne ya hana dajin haɗiye garuruwa.

Inda aka yi kama, inda aka bambanta

Kuskure ne a ɗora Wurno da Santa Fe a ma'auni ɗaya kamar tagwaye. Sifaniyawa baƙi ne da suka ƙetaro teku, azurfar da suke tsarewa tana tafiya ne ga wani sarki da bai taɓa taka ƙasar ba, cututtukan da suka zo da su kuma sun yi wa 'yan ƙasa ɓarnar da ta fi ta takobi. Bello haifaffen wannan ƙasa ne, a cikin Gobir mahaifinsa ya yi karatu ya yi wa'azi, kuma waɗanda suka yi yaƙi da juna sun haɗa harshe da kasuwa da auratayya. Sarkin Sifaniya kuma wakilai yake aikawa, shi kuwa Bello da kansa ya tafi.

Duk da haka akwai kamanni da bai kamata son zuciya ya rufe su ba. A wurare biyun, ƙasar da aka kira bakin iyaka tana da masu ita tun kafin zuwan mai ganuwa. Abin da ɗan Wurno yake kira tsaro, Bagobirin Tsibiri yana iya kiransa rabuwa da gonar kakansa. Har yau sarautar Sarkin Gobir tana Isa, tana Gwadabawa, tana Sabon Birni, tana kuma Tsibiri a Jamhuriyar Nijar, kowace da labarin da take bayarwa game da wane ne ya gaji Gobir. A wurare biyun kuma, ba duk wanda ya zauna a sabon gari ne ya zo da ƙafarsa ba. Kamammun yaƙi da bayi suna cikin waɗanda suka haƙa ganuwa suka nome rinji, kuma zuriyarsu tana cikin waɗanda suke kiran waɗannan garuruwa gida a yau. Tarihin da ya ambaci sunan mai gari ya manta da mai ɗaukar ƙasa a kai, rabin tarihi ne.

Iyakar da ta dawo

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka shata iyaka da Faransa wadda ta raba Gobir gida biyu. Da hare-hare suka lafa sai ganuwa ta zama tarin ƙasa, mutane suka bazu cikin daji suna kafa ƙauyuka da tungaye. Fadamar Rima ta koma abin da aka san ta da shi, albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da ta Lugu a ƙasar Wurno, sun ƙara wa noman rani ƙarfi. Tsararraki uku ko huɗu suka tashi suna ganin kalmar ribaɗi a littafin tarihi kawai.

Yanzu kuwa taswirar Bello ta sake bayyana, kusan layi bisa layi. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka taru a garin Gandi suna gudun hijira. A watan Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. Isa da Sabon Birni sun zama sunayen da ake ji a labaran safe da fargaba. Dajin Gundumi da Barth ya ratsa a guje ya koma wurin da direba ke addu'a kafin ya shiga. A wasu ƙauyuka manomi sai ya biya kuɗi ga masu bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka, wanda ke nufin haraji ya koma hannun wanda ke kwana a wurin.

Ba mai hankalin da zai ce a koma gina ganuwar ƙasa a zamanin babur da bindiga mai sarrafa kanta. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma tambayoyin da Bello da masu mulkin Meksiko suka amsa, kowa ta hanyarsa, su ne dai ke gaban hukuma a yau.

Ta farko ita ce inda mai iko yake kwana. Hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ko alƙali ko malamin asibiti da ya mayar da iyalinsa birni, yana leƙo gari ranar kasuwa, ya riga ya sanar da talakawa ra'ayinsa game da makomar garin, ko bai buɗe baki ba. Ba a zarginsa da son ransa, domin rai abin so ne. Sai dai tsarin da ya bar shi ba kāriya har ya gudu, shi ne tsarin da ya miƙa garin.

Ta biyu ita ce abin da tsaro yake tsarewa. Rundunar da ta zo ta kori mahara ta koma bariki ta yi irin nasarar Gawakuke, wadda ke ba da numfashi amma ba ta rufe ƙofa. Ƙauyen da aka kwashe mutanensa zuwa sansanin gudun hijira ya zama ƙarin daji, ƙarin daji kuwa ƙarin mafaka ne. Kowace gona da aka daina nomawa tsakanin Rabah da Goronyo tana matso da bakin iyaka kusa da Dinawa, daga Dinawa kuma Sakkwato ba nisa. Darasin presidio ma yana nan: duk tsarin da wani zai riƙa cin riba daga ɗorewar rikici, rikicin zai ɗore.

Ta uku ita ce makomar mutumin daji. Masu kiran a yi sulhu suna iya kafa hujja da Meksiko, inda abinci da tufafi suka kashe wutar shekara 40. Amma can kyautar ta zo ne tare da gari da gona da hukuma mai zama daram, kuma an fara da toshe cinikin da ke hura wutar. Kuɗin da aka miƙa wa mai bindiga ba tare da waɗannan ba, guzurin hari na gaba ne. Masu cewa wuta kaɗai ce magani kuma suna da Acoma a gabansu, inda hukuncin da ya haɗa mai laifi da marar laifi ya bar ƙiyayyar da ta jira shekara 80. Hanyar Bello ta fi duka biyun wuya. Ya yaƙi wanda ya ɗauki makami, ya kuma nema wa makiyayi wurin zama da makaranta da alƙalin da zai saurare shi idan an ci masa burtali ko an kwashe masa shanu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi kowace faɗi a wannan yanki ita ce yaron da ya girma bai taɓa ganin hukuma ta yi masa adalci ko ta koya masa harafi ba.

Ƙaramar hukumar Wurno da ta Rabah da ta Goronyo suna da abin da Escandón ya yi ta nema da alkawari: mutanen da suke son zama a ƙasarsu, suka san ta, suka iya noma ta rani da damina. Ba sai an kwaso kowa daga wani wuri ba. Abin da ya rage shi ne a sa su iya zama. Ma'aunin hakan kuma ba ya buƙatar dogon rahoto. A ƙirga ƙauyukan da aka yi sallar Idi a cikinsu bana waɗanda ba a yi ba bara, da buhunan albasar da suka iso kasuwar Achida ba tare da an biya wa kowa kuɗin hanya a daji ba, da makarantun firamare da malaminsu yake kwana a garin.